Hoton Kaka Mai Ido Ɗaya

A wani gari, kowace shekara akan yi baje kolin zane-zane, kuma kowa na iya kai nasa. Wata yarinya ta zana kakarta mai ido ɗaya.

Ƙawarta ta ce, "Ƙara mata ido, ki ci gasa."

Yarinya ta ce, "Haka kakata take."

Yayanta ya ce, "Ƙara mata ido, kada a yi dariya."

Ta ce, "Haka kakata take."

Ranar baje koli ba ta ci komai ba. Amma kaka ta dogaro sandarta, ta daɗe tsaye gaban hoton. Sannan ta share hawaye, ta ce, "Jikata, tun da idon nan ya mutu nake gudun madubi. Ashe ban yi muni ba."