Tafin da Ba a Kunna Ba

Ranar da ya fara ganinta, ya ɗauka ita ma ta roba ce.

Layin kantunan tufafi ne, wanda tun da tattalin arziki ya durƙushe ƙafa ta ɗauke a cikinsa. Ƙofofi kusan duk a garƙame, a jikin kowace an manna fostar ɗan takarar jam'iyya mai mulki, fuska ɗaya da murmushi ɗaya har ƙarshen layin. Mai Sifika, wanda ke kula da na'urar magana a tarukan jam'iyyar, ya tura ƙofar kanti na ƙarshe ya yi sallama. A cikin duhu-duhu ya ga gumakan roba a jere, irin waɗanda ake sa wa kaya don talla, duk sun zuba masa ido. Sai ta tsakiyarsu ta ƙifta nata.

Ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Malam, ni mai rai ce," ta ce tana dariya. "Me za a saya? Kaya dai sun ƙare."

Auta ce, 'yar mai kantin. Abin da ya kawo shi kuwa da ƙyar ya iya faɗa. Zaɓe ya matso, mutane sun daina zuwa taro, shi ne Ogansa ya ce a yi hayar gumakan, a sa musu riguna da huluna, a jera su a bayan zaure inda aka rage fitila, kyamara ta ga an cika. Gidansu Auta tukunya ta fara tsallake rana, don haka ta amince, da sharaɗin ita za ta riƙa shirya su.

A wajen ɓalla maɓallan rigunan gumaka soyayya ta kama su. Zauren shiru, sai fankar sama tana kaɗa gyalen wata, ka rantse juyowa za ta yi. Auta kan matso kusa da shi tana cewa tsoro take ji, kuma ba duka ba ne ƙarya.

Da ya koma gida ya rubuto mata: "Sanyin idona, yau na ƙirga fuskoki kaf, taki kaɗai ta mayar min da murmushi."

Ta amsa: "Ka dai bi a hankali, rabin raina. Sauran ma suna jinka."

Wata yamma ta hango shi a bayan zauren rungume da wata mai jan gyale, kanta a kafaɗarsa. Ta juya gida zuciyarta na tafasa, ta daina ɗaukar wayarsa. Sai ga saƙo: "Haba Auta, mai karyayyar ƙafar nan ce na ɗauko. Ke kika yafa mata gyalen da hannunki." Ta yi dariya har da hawaye, amma washegari ta canza wa baiwar Allah gyale zuwa wani tsoho mai toka-toka.

Babbar matsalar ita ce Baba, mahaifin Auta. Da manyan Mai Sifika suka so zuwa neman aurenta, ya ce kada ma su wahalar da ƙafafunsu.

"Na san aikinsa," ya ce wa Auta. "Idan ɗan takara ya yi magana ba wanda ya tafa, shi ke danna na'ura tafi ya cika zaure. 'Yan jam'iyyar nan su suka kashe min kanti, shi kuma yana tafa musu a madadina. Ba zan ba shi 'yata ba."

Ta tura masa maganar yadda take, ta ƙara da cewa: "Ba zan ce ka bar aikinka ba, na san yadda gari yake. Ina dai sonka, kuma ina jin tsoro."

Ranar taron ƙarshe, Mai Sifika yana zaune gaban na'urarsa ya waiwaya bayan zaure. A cikin layin gumakan ya ga ɗaya da bai san da shi ba, tsoho, hannuwa a goye, ba ya motsi. Sai da ya ƙura ido ya gane Baba ne.

Ɗan takara ya ɗaga murya: "Wa za ku zaɓa?"

Masu ran da ke gaba suka yi tsit, ba ka bambance su da na baya. Oga ya ɗaga wa Mai Sifika hannu ya kunna tafi. Ya sake ɗagawa. Mai Sifika ya dubi maɓallin, ya dubi Baba, ya mayar da hannuwansa kan cinya. Shirun ya yi ta tafiya har aka ji ƙarar fanka, kyamara kuma tana ɗauka. Ɗan takara ya tsaya da murmushinsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

Kafin a watse an kore shi daga aiki. Yana naɗe wayoyinsa Baba ya iso kansa.

"Yaro, yanzu da me za ka riƙe min 'ya?"

"Wallahi Baba ban sani ba tukuna. Ina dai gyaran rediyo da sifika."

Baba ya ce, "Akwai lungu a kantina, ka kawo kayan aikinka. Ka turo manyanka kuma."

An ɗaura auren bayan zaɓe, wanda jam'iyyar ta sha ƙasa warwas. Biki ne na masu ƙaramin ƙarfi, amma tsakar gidan ta cika har ƙofa. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun Auta ya sa a na angon.

"Na ga abin da ka ajiye saboda ita. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, Ya zaunar da ku lafiya."

Gidan ya ɗauka da amin. Auta ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin mayafi, tana kuka tana murmushi.