Lofen Alhaji Iddi

Da hantsi aka kawo ƙarar, Sufeto Kausara tana tsakiyar shan koko a cajiofis na Yendi.

Mai ƙarar ya zo da kwat cikin zafin nan, da tabarau a saman kai, inda babu ido. Sunansa Abdul-Razak, daga Akra. Ya ce shi masani ne kan kayan tarihi. Kausara ta tambaye shi ina ofishinsa yake, ya ce a cikin waya.

"An sace mana miyasham, Madam."

"Yana da ƙafa ko ɗaukarsa ake?"

Ashe lofe ne na shan taba, na marigayi kakansa Alhaji Iddi. Da wani farin dutse mai laushi aka sassaƙa shi. Uban Alhaji ne ya karɓo shi wajen wani Bature a Salaga zamanin fataucin goro, hayaƙin shekaru ya rina shi ya koma launin zuma. Abdul-Razak yana so a mai da shi fari fat, a sa shi cikin gilashi a Akra. Ya ɗauko Mutala mai gyaran agogo, mutumin Bawku, ya yi aikin a zauren gidansu. Jiya lofe ya ɓace. Samarin unguwa suka tiso ƙeyar Mutala har cajiofis, aka sa shi bayan kanta, domin baƙo ya fi sauƙin kamawa.

Kausara ta sa aka fito da shi.

"Ka bar zauren jiya?"

"Wallahi ko nan da can, Madam."

"To wannan man waken da ke gaban rigarka, a zauren ya tsiro?"

Mutala ya dubi rigarsa. Ya ce to, ya ɗan fita cin wake da shinkafa, amma bai daɗe ba.

"Me ka yi wa lofen kafin ka fita?"

"Na cire bakin, na goge da auduga. Ba a sa masa ruwa, sha yake yi. Na kankare baƙin da ke ciki a kan jarida. Yau da zan bi bayansa da samfefa ya yi fari."

"Ina ka koyi aikin?"

"A waya."

Kausara ta gyaɗa kai. Wayar nan ta yaye mutane da yawa.

"Madam, agogunan mutane na hannuna," in ji Mutala. "In aka ce ɓarawo ne ni, na gama a Yendi."

Kausara ta tafi gidan. A zauren, akwatin lofen na nan da jan ƙyallensa. Zoben azurfar da ke haɗa baki da kai na nan a faranti. Jaridar ma na nan, amma tas take, babu ko ɗigon baƙi.

Anisatu, ƙanwar Abdul-Razak, ita ke kula da kakarsu. Ta ce ita ta share dattin ta zubar.

Kausara ta dubi ɓawon gyaɗar da ya cika ƙasa.

"Tsintsiyarki tana da zaɓe. Ta bar ɓawo ta hau jarida."

Anisatu ta sunkuyar da kai, amma idonta ya riga ya je ƙofar wani ɗaki ya dawo.

Wane irin ɓarawo ne zai bar azurfa ya kwashi dauɗa? Kausara ta cire takalmi ta yi sallama.

Turaren wuta ya turnuƙe ɗakin da rana tsaka, kamar ana jiran amarya. Hajiya Atikatu, matar marigayin, na zaune kan buzu. Yanar ido ta rufe mata gani tun bara.

"Mma, kin ji motsin wani a zaure jiya?"

"'Yata, ni da ban ganin tafin hannuna? Daga nan sai alwala."

Kausara ta durƙusa gabanta. A kan tsinin hancin tsohuwar akwai baƙi, ɗan ɗigo kamar an ɗiga tawada. Duk gidan ba wanda ya iya gaya mata.

Ta ciro hankici ta goge shi a hankali.

"Mma, akwai bawan Allah a kulle saboda wannan baƙin."

"A kulle? Anisatu ta ce tambayoyi kawai ake masa."

"A kan siminti ya kwana."

Hannun tsohuwar ya tafi bakin zaninta, ta kwance ƙulli. Ga lofen, ga baƙin a ƙunshe cikin tsumma.

"Duk zamanmu faɗa nake da abin nan," in ji ta. "Na ɓoye shi a tukunya, na ɓoye shi a buhun gero. Da ya dawo hajji ya bar taba, amma bai bar sa shi a aljihu ba. Hotonsa na bango, ba na gani. Rigunansa an rabar. Wannan kaɗai in na shinshina, Alhaji ya shigo. Jiya ina jin ana kankarewa, ƙarr, ƙarr. Da na ji shiru na bi bango, hancina ya kai ni."

Abdul-Razak na tsaye a ƙofa. Ya buɗe baki zai yi Turanci, abin ya ƙi fitowa.

"Ai da kin faɗa mini, Hajiya."

"Na faɗa, mijin banza. Ka ce mini tarihi ba ya wari."

Ya sauke tabaraun daga kansa ya sa a ido, karo na farko da suka yi aiki. "Na janye ƙarar, Madam."

"Ka janye a rubuce. Samfefa kuma ka kai ta Akra, ka sa a gilashin."

Hajiya ta lalubi mayafinta. Ta ce ba za a saki yaron a ɓoye ba, da bakinta za ta wanke shi, a gaban samarin da suka kama shi. Kausara ta miƙa mata hannu. Ta kama mutane da yawa a aikin nan, ba ta taɓa kama wanda ya jingina da ita ba.

A bakin zaure tsohuwar ta tsaya, ta damƙe ƙullin zaninta.

"'Yata, in na ba ku lofen nan shaida, wanke shi za ku yi?"

"Mma," in ji Kausara, "a ofishinmu ko kofi ba ma wankewa."