Farantin Doloy

"Nan kike kwana?" Manang Perla, yayata, ta leƙa ɗakina na cikin jirgi tana toshe hanci. "Inday Ligaya, ƙanwata! Shekara takwas kina karatu a Kanada, ki ƙare a nan? Akwatin gawa ma ya fi shi fili."

"Sunkuya, Manang. Katakon bai san ke matar lauya ce ba."

Ba wanda ya yi dariya.

Shekarata biyu a wannan jirgi mai filafilai. Ni da Doloy, saurayina, muke kai baƙi yawon tsibirai, shi da tuƙi, ni da girki da taswira. Ba wanda ya taɓa zuwa daga gida sai wannan Kirsimetin. Muna tsaye a gaɓar tsibirin Linapacan suka iso cikin kwalekwalen haya: Tatay da Nanay, wato babana da mamata, da kuma Manang. Kwana uku na yi ina goge jirgin.

Muka zauna cin abincin rana. Doloy ya sa rigarsa ɗaya tilo mai maɓalli. Tatay bai dube shi ba ko sau ɗaya.

"Ƙarfe uku kwalekwalen zai koma," in ji Tatay. "Akwai wurinki a ciki."

"Na ma faɗa wa Dakta Arnel, mai neman aurenki, kina zuwa birnin Iloilo sabuwar shekara," Manang ta ɗora. "Har ya sa an yi wa gidansa fenti."

"Wa ya aike ki?"

"Tausayi, ƙanwata."

Doloy ya ci gaba da cire wa Nanay ƙaya daga kifinta, kamar ba da shi ake ba.

Sai rediyon jirgi ya yi ƙara. Masunta uku ne, injinsu ya mutu a bayan duwatsu, iska tana jansu waje. Doloy ya miƙe da loma a baki.

"Doloy, dubi ruwan..." na ce.

"Na gani, langga, masoyiyata. Ba wanda ya fi mu kusa."

Ya sauka cikin ƙaramin jirginmu na roba, ya tayar da inji.

A gidanmu, idan mutum ya tashi ana tsakiyar ci zai yi tafiya, kowa sai ya zagaya da farantinsa a kan tebur, don ya dawo lafiya. Tun da na dawo daga Kanada nake ce wa abin camfi.

Na zagaya da nawa.

Na ɗaga kai. Manang tana latsa waya. Tatay ya ɗora tafinsa a bakin farantinsa, ya danne. Nanay tana kallon cinyarta.

Mu huɗu a tebur, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Ko a Kanada.

Ƙarfe uku ta yi, Doloy bai dawo ba.

"Ki ɗauko kayanki," in ji Tatay.

"Ba zan bar jirgi babu kowa ba, Tay."

"Jirgi ko shi?"

"Shi."

Tatay ya sauka cikin kwalekwalen. Manang ta bi shi. Nanay ta tsaya riƙe da jaka, ƙafa ɗaya a kan tsani.

"Ku je," ta ce. "Hawa da saukar nan ya ishe ni."

"Consuelo!" Tatay ya kira sunanta da ƙarfi.

"Na ce ku je!"

Suka tafi. Tatay bai waiwayo ba.

Nanay ta koma tebur. Ta zagaya da farantinta, sannan na Tatay, sannan na Manang.

"Ba wai ina sonsa ba ne," ta ce.

"Na sani, Nay."

Muka zauna. Iska tana buga igiyoyi. Awa biyu muna kallon teku.

Rana ta kusa faɗuwa muka ji inji. Doloy ya kai masuntan gaɓa, ya dawo sharkaf, tafin hannunsa duk ya tsage da igiya. Maɓalli biyu suka rage a rigar.

"Zauna, sarkin taurin kai," in ji Nanay. "Ka bar mutane da abinci ya huce."

Ya zauna yana ci. Na fara tattara sauran farantan, don idan ban yi wani abu ba kuka zan yi. Nanay ta make min hannu.

"Wa ya koya miki kwashe tebur gwauro yana ci? So kike ya tsufa bai yi aure ba?"

Doloy ya daina tauna.

"Wa zai aura, Nay?" na ce.

"Ni za ki tambaya?" Ta tura masa sauran kifin. "Ubanki ba zai zo ba, kar ki sa rai. Ni zan raka ki har gaban Fada a coci."