Ɗigo a Kunun Baba

"Ɗigo kaɗan ne hwa, Raliya. A cikin kunu ko ɗanɗanonshi ba zai ji ba."

"Na ce a'a, Nafiou."

Suna tsaye a bakin lungun gidansu Raliya a unguwar Nombakélé da ke babban birnin Gabon, kusa da kwatar da ruwan saman jiya ya cika da ledoji da ɓawon ayaba. Nafiou bai ma cire farar rigar kantin maganin da yake aiki ba. A tafin hannunsa akwai wata 'yar kwalba, yana juya ta kamar mai tallan turare.

"Sanyin idona, ki saurare ni..."

"Ina jin ka. Amma mayar da abin nan aljihu tukuna, ba na son ganinsa."

Ta san kwalbar sarai. Mahaifinta, Alhaji Sabitu, tun yana saurayi ya baro Kano ya kafa rumfar atamfa a kasuwar Mont-Bouët. A nan ya yi aure, a nan ya yi furfura, a garin nan ya binne matarsa. Sai ciwon mantuwa ya same shi. Da safe lafiya lau yake, har ya yi zolaya. Amma da zarar an yi la'asar sai ya miƙe yana neman makullin rumfar da aka daɗe da sayarwa, yana dukan ƙofa, yana cewa ɓarayi sun kwashe masa kaya.

Bara, da ya ture yayanta Zakiru har ya fasa masa leɓe, wani likita ya rubuta wannan maganin. Baba ya yi shiru kam. Jikinsa ya sandare, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, ya faɗi a banɗaki ya tsaga goshi. Likitar da ta ɗinke shi ta dakatar da maganin nan take. Ta ce na masu taɓin hankali ne, ba a ba tsoho mai mantuwa sai in zai ji wa kansa ko wani rauni, shi ma kaɗan, na ɗan lokaci, da idon likita a kai. Ta ce yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, yana iya kai mutum kabari.

"Kai ma ka san abin da aka ce," in ji Raliya. "Kana wurin."

"Na sani. Yini guda ne kawai. Baffana Elhadji Ahmadou zai zo neman aurenki ran Lahadi bayan la'asar. Ki duba lokacin, Raliya... lokacin da Baba ke tashi."

"To su zo da hantsi."

"Mi zan ce musu? Manya sun sa lokaci, ni in canza?"

"Ka ce musu ba shi da lafiya."

Nafiou ya sunkuyar da kai. "Na ce musu hawan jini ne. Ba ki san mutanen gidanmu ba. In suka ga yana ihu, cewa za su yi hauka ne, kuma hauka a jini yake. Daga nan zance ya mutu."

Tana son Nafiou, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shi ne ya ɗauko Baba a bayansa ranar da ya ɓace aka tsince shi a tashar taksi. Shi ne yake zama ya ci tuwonta ko ya ƙone, yana cewa ƙaurin ne ya fi so. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ita dai haka aka koya mata.

"Da bakinsa nake so ya bayar da ni," ta ce. "Ba ni da uwa, Nafiou. Wannan kaɗai nake roƙo."

Ya dubi kwalbar, ya dube ta. Sannan ya jefa kwalbar a aljihu ya yi murmushin nan da yake kashe mata jiki.

"Shi ke nan, sheri, masoyiyata. Na bari. Share hawayenki."

Ta yarda da shi. Masoyi in ya yi murmushi, wa yake tsayawa duba aljihunsa?

Kullum da safe, in ta gama aske wa Baba gefen gemu, sai ta durƙusa gabansa su yi bita.

"Baba, in baƙi sun zo me za ka ce?"

"Waɗanne baƙi?"

"Masu neman aurena."

"Au, ke ce za a bayar?" Sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai kin fi ƙarfinsu."

"Baba mana..."

"To, to. Na ba su. Allah ya sa albarka."

Wata rana ya faɗa daidai, wata rana ya kira ta da sunan mahaifiyarta. Ita dai ta ɗora begenta a kan wannan 'yar jimla, ta kuma yi shirin cewa in ya tashi neman makulli, to, a gani. Uban mutum ba kayan kunya ba ne.

Ran Lahadi gida ya cika da ƙamshin soyayyen kaza. Bayan azahar ta dama wa Baba kunun gyaɗa, ta zuba a kofinsa ta ajiye ya huce. Yaya Zakiru, wanda rabonsa da shiga kicin tun yana ɗan makaranta, ya leƙo yana fara'a.

"Je ki duba shaddar Baba ko an goge, ni zan fifita masa."

Har ta ji daɗi, ta ce yau Yaya ya tuna yana da uba. Ta dawo ta karɓi kofin, ta zauna ta ba Baba da hannunta, cokali bayan cokali, tana lallashinsa har ya shanye.

Baƙi suka iso daga unguwar Batterie IV cikin manyan motoci da suka toshe lungu. Maza suka shige falo da goro da alewa, mata suka taru a tsakar gida. Raliya ta kasa kunne. Aka yi la'asar, aka gaisa, rana ta karkata, babu dukan ƙofa, babu ihu. Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta ce addu'arta ce ta ci.

Sai dai shirun ya yi yawa. Ko tarin Baba ba ta ji ba. Ta lallaɓa ta bayan labule ta leƙa.

An jingina shi tsakanin matasan kujera kamar buhun da ake tsoron ya faɗi. Hularsa ta karkace. Idanunsa a buɗe suke amma ba sa kallon kowa, bakinsa a sake, yawu na zuba a kan aikin wuyan farar shaddarsa. Zakiru yana manne da shi da hankici a dunƙule, in baƙi sun kau da kai sai ya goge da sauri. Ƙuda ya sauka a leɓen Baba ya yi ta yawo, Baba bai kore shi ba.

Sannan warin ya iso hancinta. Fitsari ne, an bi shi da turare mai ƙarfi don a rufe. Ta ga jiƙar ta bi gefen kujera, an ja sallaya an ɗora a kai. Ta toshe baki da mayafi.

"Masha Allah," in ji Elhadji Ahmadou, baffan Nafiou, yana gyara zaman babbar rigarsa. "Dattijo mai kamala. Irin mutanen da ke nan, ba su da yawan magana."

Sauran suka amsa da masha Allah, suna ta tauna kaza.

"To, Alhaji, mun zo nema wa ɗanmu Nafiou auren ɗiyarka Raliya. Ka ba mu?"

Baba bai motsa ba. Raliya tana kallo yayanta ya zura hannu ta bayan matashi, ya kama ƙeyar mahaifinsu, ya danna kan ƙasa ya ɗago, ya sake dannawa. Yawun ya tsinke ya ɗiga a cinyarsa.

"Ya amince," in ji Zakiru da fara'a. "Muryarsa ce ta dishe."

Aka ɗaga hannu za a yi fatiha.

Ba ta tsaya ba. Ta bi ta ƙofar baya ko takalmi babu. Ta san inda Nafiou yake, ango ba ya shiga wurin neman aure, yana cikin motar abokinsa a bakin titi yana jiran albishir. Yana ganinta ya fito da murmushi, hannuwa a buɗe.

"Amaryata... an gama?"

"Kai ka ba Yaya kwalbar?"

Murmushin ya daskare. "Raliya, tsaya ki ji..."

"Eh ko a'a?"

"Don ke na yi. Don mu. Ki duba, komi ya tahi lahiya, babu wanda ya gane."

"Ya yi fitsari a zaune, Nafiou. A gaban baƙi. Sun fesa masa turare."

"Wataƙila Zakiru ya zarce abin da na ce. Gobe zai warware, wallahi zai warware."

"A kununa kuka zuba. Da hannuna kuka sa na ba shi."

Ya kama gefen mayafinta. Ƙamshin turarensa ya bugi hancinta, irin wanda ke falo ne sak. Turaren da a da take shinshina a gyalenta in ya tafi, yau shi ya tayar mata da amai. Ta fizge ta durƙusa bakin kwata ta yi ta kakari, masu jiran taksi suna kallo.

"Ina son ki, Raliya. Ba zan iya rasa ki ba."

Ta goge bakinta ta ɗago. Fuskar da ta daɗe tana mafarki ce, ba abin da ya canza a cikinta, amma ƙyamarta take ji har cikin ƙashi.

"Na yarda kana so na. To gaya mini, ranar da na dame ka, ranar da na yi kuka gaban danginka, ni ɗigo nawa za ka zuba mini?"

Ta juya ta bar shi tsaye a bakin motar.

Ta koma gida, wannan karon ta ƙofar gaba. Budurwa ba ta shiga falon maza ranar neman aurenta, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Ta ɗaga labule ta shiga, ta durƙusa har ƙasa.

"Ku gafarce ni, iyayena. Mahaifina ciwon mantuwa gare shi, ba hawan jini ba. Magani aka ɗura masa don kada ku gani. Bai ji abin da kuka ce ba, bai kuma ba ku ni ba. Hannun Yaya ne ya ba ku."

"Raliya!" Zakiru ya daka mata tsawa.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tura ƙwaryar goron gaban Elhadji Ahmadou da hannu biyu, ta tashi ta yaye sallayar da aka rufe jiƙar da ita, ta cire mayafinta ta lulluɓe wa mahaifinta cinya.

"Wani ya taimake ni da mota. Asibiti za mu."

Elhadji Ahmadou ne da kansa ya miƙe ya kama Baba ta hammata. Shi ya kai su asibiti a motarsa, kuma daga ranar ba a sake tayar da maganar auren ba.

Likita ta ce Allah ya taƙaita, sai dai maganin ya taɓa masa haɗiya, sai an yi a hankali. Raliya ta tare a gefen gadonsa. Wayarta ta yi ta haske da sunan Nafiou har ta gaji ta kife ta. Tana kewarsa, ƙarya ne ta ce ba ta yi, amma duk lokacin da ta tuna shi sai ta ji warin falon nan.

Da Baba ya fara dawowa hayyacinsa, ta dama masa kunu mai laushi ta kawo a kofinsa. Ta ɗebo cokali ta hura, ta kai bakinsa.

Ya kalli kofin, ya kalle ta. Ya damƙe leɓɓansa ya juya fuska bango.

"Baba, ni ce. Ka sha ko kaɗan ne."

Ya ture hannunta, kunun ya zube a zanin gado. Wata nas 'yar Gabon da ke wucewa ta karɓi cokalin, ta ɗebo daga kofin ta miƙa masa. Ya buɗe baki ya karɓa. Sannan ya kama hannun nas ɗin, ya yi ƙasa da murya, yana yi mata Hausar da ba ta ji.

"Baiwar Allah, ki ce wa yarinyar nan ta tafi. 'Yata Raliya nake jira. Ita ba za ta ba ni abin da zai cuce ni ba."

Nas ɗin ta juyo da tambaya a idonta. "Me ya ce?"

Raliya ta miƙa mata kofin, hawaye na sauka har haɓarta.

"Ya ce ki ci gaba da ba shi."