'Yan Rakiyar Tsohuwa

Tun da aka kawo tablet ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da Gazawa, allo nake kallo fiye da fuskar marar lafiya. In ciwo ya fi ƙarfina, sai in kira Likita Muzammil da ke asibiti a Agiye, ya duba ta bidiyo.

Ran nan bayan isha'i ina shirin rufewa, wata tsohuwa ta shigo ba sallama. Ban ji takunta ba, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali tsakiyar rani ake.

"Ɗiyata, sanyi nake ji."

Na maƙala mata na'urar awon bugun zuciya a yatsa. Allo bai nuna komi ba. Na ce ko ta lalace, na kira Likita, na jingine tablet ɗin yana fuskantarmu.

Yana dubanmu sai ya ce, "Saliha, fitar da 'yan rakiya tukuna, sun cika ɗakin."

"Likita, mu biyu ne."

"Biyu? Waɗannan masu fararen kaya fa? Ga ɗaya ta dafa kafaɗarki."

Kafaɗata ta hagu ta ɗauki sanyi har cikin ƙashi. Allon ya mutu.

Sai a lokacin na ɗaga ido na dubi tsohuwar. Inna Kande ce, ungozomar garinmu, wadda aka binne da damina.

Ta miƙo mini hannu a hankali.

"Mu da hannu muke duba mutum, ɗiyata. Taɓa ni."