Kwalin Baba Bobai

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Juma'a wayar Sufeto Nanret Davou ta yi ƙara, ko rigar ruwanta ba ta kai ga cirewa ba. Wani jami'i ne daga Birmingham, kuma bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

Wani dillalin bindigogi mai rajista a can ya buɗe kwalin da aka aiko masa daga Manchester. Takarda ta ce bututun bindigar farauta ne a ciki, har da lambarsa. Da ya yanke salatif sai ya tarar da guntun ƙarfen banza mai rami, an naɗe shi da tsohon tawul.

Nanret ta ja kujera ta zauna. A dokar ƙasar nan bututun bindiga bindiga ne, ko da babu kunama babu ƙota. Shi ya sa wanda ya sayar da nasa ba ya jefa shi a gidan waya kamar takalmi. Sai ya kai wa dillali mai rajista a garinsa, shi kuma ya aika wa ɗan'uwansa dillali a garin mai saye, mai saye ya zo da lasisinsa ya karɓa hannu da hannu. Mai wannan kaya duk ya bi wannan hanya, amma ga shi bututun ya yi layar zana.

"Sunan mai kayan?" ta tambaya.

"Bobai. Yana zaune a Gorton."

Ta san sunan, kuma ranta ya ɓaci. A Jos aka haife ta, tana da shekara goma sha biyu iyayenta suka kawo ta nan, babu ɗan Arewa a Manchester da bai san Baba Bobai ba. Dattijon coci ne, shekara ashirin da biyu yana riƙe da lasisin bindiga, manoma suna ɗaukarsa ya rage musu barewa da yanyawa. Mutum ne da ko fitilar titi ta lalace sai ya tsaya yana jiran ta ba shi hannu.

Shugabanta bai san wannan ba, bai kuma damu ya sani ba. Lissafinsa gajere ne: tsoho ya sayar wa 'yan daba bututun, ya cusa ƙarfe a kwali don a ce a hanya ya ɓata. Ya ce a kamo shi, in kuma ba a ga bututun ba kafin yammacin Asabar, a tuhume shi. Laifi irin wannan shekaru ne a kurkuku, ga shi dattijon ya haura sittin da biyar.

Hotunan kwalin suka shigo. Nanret ta faɗaɗa su a kwamfuta. Salatif iri biyu ne, ruwan ƙasa a ƙasa, fari a kansa. Ƙarfen kuma an shafa wa bakinsa jan fenti.

Shagon dillalin Manchester yana bayan Stockport. Mutumin ya tarbe ta da littafinsa a buɗe, alamar ya kwana da shirin amsa tambaya.

"Ka duba bututun?"

"Na duba, na rubuta lambarsa. Ga shi."

"Yaushe?"

"Ranar Talata."

"Yaushe aka kawo kwalin?"

Ya ɗan sosa kunne. "Alhamis, ƙarfe uku da minti goma."

"Ka buɗe shi ranar Alhamis?"

Mutumin ya dubi littafin kamar amsar tana ɓoye a cikinsa. A ƙarshe ya ce ranar Talata ba shi da kwali mai tsayi, sai dattijon ya koma da kayan ya shirya a gida. Da ya dawo da shi a liƙe, shi kuma ya san shi shekara da shekaru, bai ga dalilin ɓata salatif ba.

"Dalilin yana Birmingham yanzu," in ji Nanret. "Masu ba da lasisi za su zo su yi maka bayaninsa."

A ofis ta tarar an kawo Baba Bobai. Yana zaune a ɗakin tambaya da hularsa a gwiwa, an karɓe masa bel da igiyar takalmi. Ganinsa haka ya sosa mata rai ƙwarai, amma ba ta bari ya fito a fuskarta ba.

"Baba, sannu."

"Yauwa 'yata. Ki yi aikinki, kada ki ji nauyina."

"Wa ya shirya kwalin?"

"Ni, da hannuna. Na sa salatif ruwan ƙasa, na zagaye shi sau uku."

"Fari fa?"

"Ba ni da fari."

"Da me ka je shagon?"

"Motata tana gareji. Ebenezer ya kai ni, yaron cocinmu mai motar saƙo."

"Kun tsaya a hanya?"

Dattijon ya juya hular. "Kai tsaye muka je."

"Kwalin bai bar hannunka ba?"

"Bai bar shi ba."

Mutumin da bai saba ƙarya ba, idan ya yi ta, har wuyansa sai ya nuna. Nanret ta gani, ta rufe fayil ta fita.

Mama Celestina, matar Baba Bobai, ta buɗe mata ƙofa idanunta sun kumbura. Gidan na cikin jerin gidajen nan na Gorton masu manne da juna, inda in ka yi tari maƙwabci ya ce sannu. Duk titin ya ga an fita da mijinta.

"Mama, ƙarfe nawa suka bar gida jiya?"

"Ɗaya da rabi. Ina waya da likitana ke nan suka fita."

"Ebenezer ya san abin da ke cikin kwalin?"

"Wa bai sani ba? Tun Lahadi yake cewa Baba ya ba shi ya kai Birmingham, tunda kowace Asabar yana zuwa. Kowa a coci ya ce haka ne, me za a kai wa dillali ga ɗan gida? Baba ya ce wannan ba garin tuwo ba ne, doka ba ta yarda ba. Har dariya aka yi masa."

Daga Gorton zuwa shagon minti ashirin da biyar ne, ko da cunkoso. Sa'a ɗaya da 'yan kai ta ɓata a tsakani. Nanret tana wannan tunani idonta ya faɗa kan wata takarda a teburin falo, mai hoton wani mutum da ranar haihuwa da ranar rasuwa.

"Wannan fa?"

"Mijin Tabitha ne 'yar cocinmu, ya rasu Laraba. Baba ne ya shigo da takardar jiya."

Nan Nanret ta gane inda sa'ar ta tafi. Mutanenmu za su iya wuce asibiti, su wuce banki, amma ba su wuce gidan makoki.

Gidan Mama Tabitha yana Levenshulme, bayan Stockport Road. Mata sun cika falo, maza suna bayan gida a ƙarƙashin rumfar coci saboda yayyafi. Nanret ta cire takalmi ta durƙusa.

"Mama, sannu da haƙuri. Allah ya ta'azantar."

"Amin 'yata. Na gode."

Sai da ta zauna an yi addu'a, an miƙo mata shayi, sannan ta tambaya a hankali ko Baba Bobai ya zo jiya.

"Ya zo mana. Ya ce minti biyar zai yi, aka ce tunda dattijo ya zo shi zai yi mana addu'a. Aka yi waƙa biyu, aka kawo abinci."

"Da kaya a hannunsa?"

"A'a. Ya ce Ebenezer ya ce bai dace a shigo gidan makoki da kayan bindiga ba, a bar shi a mota."

"Shi Ebenezer ya shigo?"

"Ya leƙo ya gaishe mu, ya ce zai sauke rumfar coci daga mota."

Nanret ta fita bayan gida. Rumfar tana tsaye da ƙafa uku na ƙarfe, kowace da jan fenti a bakinta, alamar da coci ke sa wa kayanta don kada a are su a manta da mai su. A kusurwa ta huɗu an ɗaure sandar tsintsiya da igiya. Wani dattijo da ke zaune kusa ya ce haka Ebenezer ya kawo ta, wai ƙafa ɗaya ta ɓata a bikin wancan watan.

Ta daɗe ba ta ji daɗi irin na wannan lokaci ba. Ta ɗauki hoton sandar tsintsiyar daga kowane ɓangare, masu makoki suna kallonta suna mamakin aikin 'yan sandan zamani.

Shugabanta ya so a kama Ebenezer nan take. Ta ce a'a. An leƙa gidansa da garejinsa ta hannun waɗanda suka iya leƙe, ba a ga komai ba, motar kuma ya tafi da ita karɓar saƙonni. In aka taɓa shi yanzu zai ce Baba Bobai ne ya sa shi, bututun kuma ya nutse har abada. Gara a bar shi ya kai kayan da kansa.

Ranar Asabar da hantsi tana Sparkbrook tare da jami'an Birmingham huɗu cikin farin kaya. A wani filin ajiye motoci bayan Stratford Road motar saƙon take tsayawa, kuma tun kafin ta iso mutane sun taru: ɗalibai masu jiran kilishi da yaji daga 'yan'uwa, mata masu jiran ɗinki, wani malamin jami'a da aka aiko wa tukunya.

Ƙarfe goma sha ɗaya farar motar ta shigo. Ebenezer ya diro yana fara'a, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, kowa ɗan'uwansa ne. Da ya ga Nanret fara'ar ta ɗan rage, sannan ta dawo fiye da da.

"Anti Sufeto, ke ma saƙo aka yi miki?"

"Tambaya ɗaya ce. Ranar Alhamis kun tsaya a hanya kai da Baba?"

"Straight muka je, Anti. Ko ruwa ba mu tsaya sha ba."

"To madalla. Raba kayanka, kada mutane su jiƙe."

Ɗaya daga jami'an Birmingham ya matso yana raɗa mata cewa su fara bincike. Kaya sun kusa ɗari a motar, buhu kan buhu. Ta ce ya yi haƙuri, masu kayan za su yi musu aikin.

Haka kuwa aka yi. Kowane saƙo da sunan mai shi da lambar waya a jiki, kuma ɗan Arewa ba ya barin kilishinsa ya kwana a mota. Ebenezer yana kiran suna. Latifa ta karɓi nata, Ubaidullah ya karɓi na mutum uku. Cikin rabin sa'a motar ta zama fayau, sai ɗauri ɗaya na rake a can ƙurya, an naɗe shi da buhu, ba suna ba lamba.

"Wannan na wane ne?" in ji Nanret.

"Na... wani Lawal ne. Zai zo anjima."

Ta juya ga jama'a. "Akwai Lawal mai jiran rake?"

Jama'a suka dubi juna. Wata mata ta ce rake ai ga shi nan a shagon kan kwana, wa zai aiko shi daga Manchester?

Nanret ta sa safar hannu ta hau motar. Ta kwance igiyar, sandunan rake suka zube, na tsakiya ya faɗi da ƙarar da rake ba ya yi. Ta ɗaga shi ta karanta lambar da ƙarfi, jami'in yana bi a takarda. Babu harafin da ya saɓa. A aljihun ƙofar motar kuma ga farin salatif, an ci rabinsa.

Ebenezer ya zauna a bakin motar. Aka karanta masa haƙƙinsa, amma bakinsa ya riga ya buɗe.

Wasu samari ne, in ji shi, suka daɗe suna tambayarsa ko zai iya samo musu irin wannan, suka ambaci kuɗin da ya hana shi barci. Da Baba ya ƙi ba shi saƙon, sai rasuwar ta zo masa daidai. Ya san dattijon ba zai wuce ba, ya kuma san ba za a sake shi da wuri ba.

"Ka san shekara nawa zai yi a kurkuku?"

"Na ɗauka za a ce kamfanin jigila ne ya ɓatar. Wa zai zargi Baba? Kowa ya san shi."

"An zarge shi. A bayan kanta ya kwana jiya."

Ya ba da sunayen samarin da wurin da za su haɗu da rana, jami'an Birmingham suka rubuta suna murmushi. Aka sa masa ankwa. Mutanen da ɗazu suke ce masa Brother suka buɗe hanya, kowa rungume da saƙonsa, aka wuce da shi mota.

Nanret ta kira Manchester ta ce a mayar wa dattijon bel ɗinsa da igiyar takalminsa, sannan a ba shi waya.

"Baba, an samu."

"Bututun?"

"Bututun da wanda ya ɗauke shi. Ebenezer ne."



"Ni na tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa," in ji dattijon. Ya ja numfashi. "Na yi miki ƙarya, 'yata. Na bar kayan a mota, na ji tsoron a karɓe lasisina."

"Na sani. Masu ba da lasisi za su kira ka, kuma za su yi maka faɗa sosai. Zan rubuta musu abin da na gani. Amma babu tuhuma a kanka, Baba. Ka tafi gida."

"Yanzu?"

"Yanzu. Za a kai ka a mota."

"A'a," in ji dattijon, muryarsa ta dawo daidai. "A motarku aka ɗauke ni, duk titi yana kallo. Ki ce su bar ni in hau bas. Da ƙafata zan shiga layinmu, kuma gida gida zan tsaya in gaisa."