Tankin Wirat Mai Cika Kansa

Duk garin Korat an san Wirat da dogon buri. Gonar rogon ubansa ya sayar, ya shigo da baƙar mota ta manya, irin mai tafiya da fetur da batir. Bai gama zaga gari da ita ba mai ya yi tashin gwauron zabi. Sai ga mai motar alfarma a layin fetur mai araha, wanda ake gauraya wa giyar rogo, 'yan acaɓa suna ta sheƙa dariya.

"Maigida, rogon da ka sayar ne ka dawo saye a lita?"

Wannan magana ta hana shi zaune ta hana shi tsaye, har ta kai shi bayan gonakin rake, wurin boka Kem. Bukkar a kan dirkoki take, turare da wari sun cakuɗe a ciki. Ga 'yan gumaka jere a kan katako, kowanne da jan lemo a gabansa. Ga kwalbar wani rawayan mai da aka tatso daga haɓar gawa.

"Baba, tankin da ba ya ƙarewa nake so."

"Babu shi, ɗana. Sai dai mai cika kansa."

"To shi ɗin. Nawa?"

"Riƙe kuɗinka. Duk ranar da allurar mai ta taɓa ƙasa, motar za ta nemi abin sha a gidanka."

"Ta sha mana! Me aka ajiye a gidan?"

Boka ya sauko ya ɗiga rawayan man nan a tankin motar.

Wirat ya sa tiyo a tankin ya fara zuƙar mai. Duro ya cika, tankar mai ta cika, allura ba ta ko motsa ba. Ya buɗe gidan mai, ya karya farashi, 'yan acaɓan nan suka koma haɗa hannu suna sunkuya masa. Amma a hankali allura ta soma sauka. Ranar da ta fara taɓa ƙasa, aka tsinci uwarsa a kan tabarma, ta bushe kamar busasshen rogo, tanki kuwa fal. Ya ce tsufa ne, ya ci gaba da zuƙa. Da allura ta sake taɓa ƙasa, sai ƙaninsa ya bi ta. Matarsa Lamduwan ta gane, ta zare, tana bin motocin mutane tana shinshina tanki tana kiran sunayen matattu.

Saura 'yarsa Fon. A nan tsoro ya kama shi da gaske. Ya ɗura fetur, motar ta amayo. Ya koma wurin boka, ya tarar bukkar ta zama toka. Ya kulle motar ya daina tuƙi, amma man da aka gauraya da giya ba ya jure zafi, a ajiye ma tsotsewa yake. Kullum allura na ƙara sunkuyawa. Wirat ya bar ci da barci, yana safa da marwa a gareji har zazzaɓi ya kayar da shi.

"Baba, mota ce fa kawai," in ji Fon, tana goge masa gumi. Bakinsa ya kasa faɗa mata gaskiya.

Da rana tsaka barci ya sace shi. Fon ta zare makulli, ta tafi nemo masa magani. Irin motar nan ba ta yin ƙara in tana kan batir, don haka bai ji fitarta ba.

Ya farka ya ga motar a ƙofar gida, ƙofar direba a buɗe, ledar magani a kan kujera. Ya leƙa. Allura tana can sama.

Kai mai kwaɗayi, in aka ce ka riƙe kuɗinka, tsaya ka tambayi da me za a biya, tun kana da waɗanda za ka rasa.